Kafin ka sayi tsohuwar dardumar Farisa, juya bayanta

Ko a kantin Dubai ka same ta, ko a kasuwar Jidda bayan ka sauke farali, ko wajen magada da ke son rabuwa da ita, kada ka fara da kallon fuskarta. Ka ce a kifa maka ita. A dardumar da aka ƙulla da hannu, zanen da ke fuska yana fitowa sarai a baya, kuma za ka ga ƙulli-ƙullin ɗaya bayan ɗaya, wani ya ɗan fi wani girma, layin ma yana ɗan karkacewa nan da can. Ta inji kuwa layukanta daidai suke ba ko kuskure, wata ma an shafe bayanta da gam. Sai ka duba geza. A ta hannu, gezar ita ce ƙarshen zaren tsaye da aka kafa saƙar a kansa. Idan ka ga ɗinka ta aka yi daga baya, to ko dai aikin inji ne, ko kuma an yi mata gyaran da mai kanti bai faɗa maka ba.

Sunan gari yana da ma'ana, kuma ya kamata ka tambaya. Tabriz da Isfahan da Kashan da Kerman garuruwan saƙa mai laushi ne da zanen furanni. Kum ta yi suna da siliki, kuma irin wannan ta fi dacewa da bango ko ɗakin da ba a yawan shiga. Idan gidanka mai yara ne da baƙi, ni Heriz ko Bijar zan nuna maka. Masaƙan Bijar suna danne zaren da matajin ƙarfe mai nauyi har dardumar ta yi tauri, shi ya sa ba a ninke ta, sai dai a naɗe. Kada kuma ka raina ta makiyaya irin Kashkai na lardin Fars don ƙullinta bai kai na birni yawa ba. Kyan ulu ya fi yawan ƙulli muhimmanci wajen ƙarko. A 2010 hukumar UNESCO ta sa saƙar Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun gado na duniya.

Launi ma yana buƙatar natsuwa. Tsofaffin marina na Iran suna samun ja daga saiwar wani tsiro, shuɗi daga baba irin wanda muka sani a marinar Ƙofar Mata, rawaya kuma daga ɓawon rumman da wasu ganyaye. Don haka idan ka ga jan ya ɗan sauya a tsakiyar fili, wani sashe ya fi wani duhu, wannan ba aibi ba ne. Ulun da aka rina a tukunya ɗaya ne ya ƙare, aka ci gaba da na wata. Abin tsoro shi ne fenti. Wasu 'yan kasuwa suna shafa launi a inda gashi ya cinye don su ɓoye farin zaren ƙasa. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a wurin. In ya ɗauko launi, ka rage kuɗi ko ka haƙura. Sannan ka lanƙwasa wani gefe a hankali, ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas kamar ana karya kara, danshi ya riga ya ruɓar da audugar ciki, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan tana ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, wato wajen 1540, kuma har yau launinta na nan. Takawa ba ta cika kashe irin wannan aiki ba. A ƙasarmu, ƙurar hunturu da danshin damina da asu su ne abokan gaba. Ƙura tana shiga gindin gashi ta riƙa yanka ulu, saboda haka a fitar da ita a kifa ta a kakkaɓe a hankali, a share ta bin kwanciyar gashi. Kada a shimfiɗa ta kai tsaye a kan siminti mai tsattsafo, a sa wani abu a ƙarƙashi. A riƙa juya ta sau ɗaya ko biyu a shekara don kada gefen ƙofa da na taga su riga sauran tsufa. Asu kuma yana son duhu, ƙarƙashin kujera da gado inda tsintsiya ba ta kai wa, can za a riƙa leƙawa.

Wanki ne inda aka fi yin ɓarna, kuma abin yana ba ni takaici. Omo da bilic da ruwan zafi suna cire man da ke jikin ulu, su bar shi a bushe yana kakkaryewa. Ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi sun isa, a shanya ta a kwance a inuwa mai iska har ta bushe ciki da waje. In shayi ya zube, a danna tsumma mai tsabta ya tsotse, kada a cuɗa. In za a ajiye ta, a naɗe ta cikin zanen auduga, ban da leda, a ɗora a kan katako nesa da ƙasa saboda gara. Gezar da ta fara warwarewa kuwa a kai wa mai gyara tun da wuri, domin daga nan ne ƙulli ke fara zubewa layi-layi.