Kalmar "Karo": Darasi Daga Kasuwar Bodija

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

Kalmar karo ta fito ne daga aikatau kara, wato haɗa abu biyu har su bugi juna, kamar yadda raguna suke karawa da goshi. Turawa ma haka suka gina kalmarsu ta rikici, wato conflict, daga Latin: con, ma'ana tare, da fligere, ma'ana bugawa. A harsunan biyu, abu ɗaya ba ya karo shi kaɗai, na nesa kuma ba sa karo. Sai maƙwabta.

Ibadan shaida ce. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo, a 1987 kuma aka buɗe Kasuwar Bodija, inda Bahaushe ke sauke wake da albasa da shanu daga Arewa, Bayarabe yana saye yana sayarwa. A 1999 an yi arangama tsakanin ɓangarorin biyu a kasuwar, aka yi asarar rayuka. A Fabrairun 2021 irin wannan ta auku a kasuwar Shasha, daga gardama kan kayan gwari da suka zube a ƙofar shago, har aka ƙone shaguna da gidaje. Mafarin ƙarami ne, amma ya tarar da zukata cike da tsohon ƙorafi.

Ikkilisiyar farko ma ta yi nata karon. Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma ce a yi shiru don gudun abin kunya ba, kamar yadda wasu dattawan ikkilisiya suka saba yi a yau. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas da Filibus. Abin lura shi ne dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Ga alama an danƙa rabon ne a hannun ɓangaren da ya kawo kuka.

Hausa kuwa tana da wani abin mamaki: in aka maimaita kalmar, sai ta zama karo-karo, wato kowa ya kawo nasa a haɗa domin biyan bukatar ɗan'uwa, kamar yadda 'yan kasuwa ke yi wa wanda gobara ta cinye wa rumfa.

Don tattaunawa a gida: wane ƙorafi ne aka daɗe ana dannewa a iyalinku, wa kuma ya kamata a fara saurara?