Karatun 'Ya Mace a Waje Babu Muharrami

Wata uwa daga Hayin Banki, Kaduna, tana tambaya: 'yarta ta samu gurbin karatun likita a Masar, ya halatta ta tafi babu muharrami?

Malamai sun saɓa. Hanafawa da Hanbalawa sun riƙe hadisin hana mace tafiya babu muharrami da ke Bukhari da Muslim. Malikawa, waɗanda Arewa ke bi, sun yarda da amintacciyar tawaga a Hajjin farilla. Darul Ifta ta Masar ta halatta har tafiyar karatu idan akwai aminci. Ibn Baz kuwa ya haramta.

Amincin nan ba abin wasa ba ne. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023, ɗalibanmu mata da suka gudo daga can sun yi kwanaki a iyakar Masar. Don haka, uwar ta fara bincikar masauki da wanda zai tsaya wa yarinyar.