Darasin wannan mako: Idan bayan gidan yaro ya yi tauri

A zagayen da muke yi tanti-tanti tare da jami'ar kariya, uwaye da dama sun kawo mana kuka iri ɗaya: yaro ya kwana uku ko huɗu bai yi bayan gida ba, in ya tsuguna sai yunƙuri da kuka, abin da zai fito kuma ƙanana ne masu tauri kamar kashin awaki. Mun kai maganar ga ma'aikatan lafiya na asibitin sansani, ga abin da muka fahimta.

Abincin da muke samu a rabo yawancinsa hatsi ne da mai. Yana ƙosarwa, amma hanji yana buƙatar ɓawo da zare-zaren da ke cikin ganye da 'ya'yan itace, domin su ne ke riƙe ruwa su sa bayan gida ya yi laushi. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 yana buƙatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 kuma giram 400. Mun san ba mai ma'auni a tantinsa, kuma ba kullum ake da kuɗin cefane ba. Abin da muke roƙo shi ne kada tuwo ya wuce ba ganye.

Alhamdu lillahi, maganin ba baƙo ba ne gare mu. Miyar kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kabewa, duk suna wannan aiki. Wake ma haka, in ya dahu sosai. Wajen surfe, kada a cire dusar gero ko dawa kaf. A bar kaɗan ta shiga kunu. Gwanda nunanna da mangwaro a lokacinsa, sai lemu, a ba yaro ya ci har da tsokarsa, kada a matse ruwan kawai a zubar da sauran. Dabino biyu ko uku da aka jiƙa, aka cire ƙwallon, aka dama, yana taimakawa, haka nan kunun tsamiya. Ayabar da ba ta nuna ba kuwa a bar ta tukuna. A wanke komai da ruwa mai tsabta kafin a ba yaro, kada mu kori taurin ciki mu jawo gudawa.

Ganye ba ruwa ba ya aiki, yana ma iya ƙara cushe cikin. A wannan zafi yara suna ta wasa suna manta ƙishi, sai mu riƙa miƙa musu kofi ba sai sun nema ba. Yaron da ke kan abincin tamowa na leda, a ci gaba da ba shi yadda aka rubuta, tare da ruwa. Maganin ƙarin jini yana iya sa bayan gida ya yi baƙi ya yi tauri. Kada a daina ba da shi sai an tambayi asibiti.

Akwai garin da ake tallarsa a kasuwa da sunan haɗin 'ya'yan itace mai wanke ciki, da lemun kwali mai zaƙi. Mu dai shawararmu, kuɗin nan a sayi gwanda da shi. Ba a san abin da ke cikin garin ba, lemun kwali kuwa yawancinsa sukari ne. Kada a ɗura wa yaro ruwan sabulu ta dubura, kada a ba shi kanwa ko maganin wankin ciki na manya.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 hukuncinsa daban. Nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba jiƙo. Mai shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi ba, kuma lafiyarsa ƙalau muddin in ya yi da laushi. Zuma kuma sai ya cika shekara 1.

Ga wani abu da aikinmu ya nuna mana, wanda ba ya cikin tukunya. Yara da yawa riƙewa suke yi da gangan. Bandaki da nisa, da dare ga duhu, ga layi, ramin kuma yana ba ƙaramin yaro tsoro. In ya riƙe sai ya ƙara tauri, in ya yi zafi sau ɗaya sai ya sake riƙewa. Wani ma har ruwan kashi ya riƙa ɓata masa wando ba da saninsa ba, a ɗauka gudawa ce ko ƙazanta, a dake shi. Don Allah kada a dake shi. A raka shi bayan ya ci abinci, a tsaya a bakin ƙofa minti biyar ba tsawa. Ƙanana a ba su fo a zubar a bandaki. In ƙofa ta lalace, ko fitila ta mutu, ko wani yana tsorata yara a hanya, ku sanar da ofishin kariya. Ba za mu bayyana sunanku ba.

A kai yaro asibiti nan take idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yana amai musamman kore, ko akwai zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko ya ƙi cin abinci yana ramewa, ko jariri sabon haihuwa ya kwana biyu bai yi kashin farko ba. In an gyara abinci kwanaki kaɗan ba sauƙi, shi ma a je, akwai maganin da ya dace da yara.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa.