Amsar Tambaya: In Saya wa Yara Wasan Rawa na Bidiyo?

Tambaya: Yarana sun matsa in saya musu wasan bidiyo na rawa, wai motsa jiki ne. Da gaske ne? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, yaran ba su yi miki ƙarya ba. Wasan nan ba a yin sa a zaune. Kamfanin Konami na Japan ne ya fito da Dance Dance Revolution a 1998, inda mai wasa ke taka kibiyoyi huɗu a kan faranti daidai da bugun kiɗa. A 2009 Ubisoft ya kawo Just Dance, wanda ke auna motsin hannun da ke riƙe da na'urar sarrafawa. Kinect ta Microsoft kuwa, wadda ta fito a 2010, kyamara ce mai bin jiki gaba ɗaya, amma an daina ƙera ta, don haka sai dai ta hannu.

Shawarata, in da hali ki saya, amma bisa sharaɗi. Ki fara zama ki duba waƙoƙin da shigar masu rawar, domin wasu ba za su dace da tarbiyyar gidanki ba. Ki zaɓa musu da kanki. A kawar da tebur da kujeru, kada a yi a kan tayil mai santsi, a kuma ɗaura igiyar na'urar a wuyan hannu. Ki yanka musu lokaci bayan karatu da salla, kuma kada wasan ya hana su fita ƙwallo da 'yan'uwansu.