Darasi ga 'Yan Kasuwa: Rubuta Kuɗin Shiga da na Fita Kafin Lokacin Haraji

Ɗan kasuwar da ke cinikin doya ko riɗi ko agushi a Lafiya, in dai bai yi rajistar kamfani ba, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Nasarawa ce ke karɓar harajinsa. A kan riba ake yanka wannan haraji, ba a kan jimlar ciniki ba. Wanda ba shi da rubutu, doka ta ba jami'in haraji ikon yi masa ƙiyasi. Shi kuwa ƙiyasi buhunan da ke shago yake gani, ba ya ganin abin da aka kashe kafin su iso.

Saboda haka a tanadi littafi guda, shafi ɗaya na kuɗin shiga, ɗaya na kuɗin fita, a riƙa cika shi kowace yamma tare da kwanan wata. Kuɗin fita aka fi mantawa da su: kuɗin mota daga ƙauye, ladan 'yan dako, la'adar dillali, hayar shago. Cefanen gida ba ya cikin wannan lissafi, a ware shi dabam. Kayan da aka bayar bashi ma a yi musu nasu shafi.

Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Mai ƙaramin jari ba zai iya nuna cewa ribarsa ba ta haura haka ba sai da littafi da rasit a hannu.