In Ɗan Acaɓa Ya Faɗi, Kada A Yi Gaggawar Ɗaga Shi

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba, yadda muke ɗaukar wanda ya yi haɗari yana damuna ƙwarai. Da zarar ɗan acaɓa ya faɗi a titi, sai jama'a su yi caa a kansa, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, a cusa shi cikin keke Napep kansa na lilo. Niyyar alheri ce, amma a nan ake gurgunta mutane.

A cikin ƙashin gadon baya akwai laka, tsawonta wajen santimita 45, jijiyoyi biyu-biyu har jeri 31 ke fita daga jikinta. Duk abin da jiki ya ji daga wuya zuwa ƙasa, zafi ko sanyi ko sukar ƙaya, ta nan saƙon ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, ta nan kuma umarnin motsi ke saukowa. In ƙashin wuya ya tsage, murɗawa guda na iya datse lakar, ita kuwa ba ta ɗoruwa.

Don Allah mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan wanda ya faɗi da hannu biyu, daidai da jikinsa. Kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa, kada a cire hular kwano sai in numfashi ya gagara. Ku matsa babban yatsan ƙafarsa, ku tambaye shi ko ya ji. Ko da ya ji, a kira 112 ko 767.

In ɗaukar ta zama dole, mutum huɗu su shimfiɗa shi a kan katako mai faɗi ko ƙyauren ƙofa, a nufi asibiti, kamar na ƙashi da ke Igbobi. Kada a fara kai shi wurin mai ɗori.