Darasi: Koyar da Ƙannenmu da Hotuna

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Yaron zango yana tashi da Hausa a gida, ya tarar da Larabci a makarantar allo, sannan Turanci na jiransa a boko. A nan Gana, tun shekarar 2007 aka shigar da ajin share fage na shekara biyu cikin karatun farko, daga ɗan shekara 4. Yaron da ya je can bai taɓa riƙe littafi ba sai ya takure a lungu, har a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Alhali kuwa tun kafin ya iya magana yake nuna abu da yatsa, yana son a faɗa masa sunansa. Wannan aiki namu ne, mu yayye.

Kayan aiki ba su da tsada: tsohuwar kalanda, kwali, almakashi da sitaci. A yanke hoto a manna a kwali. Almakashi kuwa ya zauna a hannun babba.

Na ɗaya: "Mene ne wannan?" Nuna masa hoton buta, ayaba ko mota, ka jira ya amsa da kansa. In ya yi kuskure, maimaita masa daidai ba tare da tsawa ba.

Na biyu: ware iri. Cakuɗa katunan, ya fitar da na ci gefe, na sawa gefe, sannan ku ƙirga tare.

Na uku: harafi da hoto. Ba, "bab", ga ƙofa. Ta, "tamr", ga dabino. Ɗan shekara 4 zuwa 5 a ƙara masa sunan da Turanci.

Na huɗu: jeranta alwala. Zana hannu, baki, hanci har zuwa ƙafa, ya jera su bi da bi, sannan a ba shi buta ya gwada.

Wani zai ce, ina hukuncin hoto? Ya tabbata cikin Buhari cewa Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yar tsana a gidan Manzon Allah (SAW). Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, ga itatuwa, masallaci da kayan gida, sun wadatar.

Minti 10 bayan La'asar ya isa, in dai kullum ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalam.